Fim da Wayar Hannu: Wa Ya Ci Ribar 'Tangerine'?

A daren 2 ga Maris, 2025, lokacin da aka yi bikin raba kyaututtukan Oscar a birnin Los Angeles, wani mai shirya fina-finai da ake kira Sean Baker ya tashi da kyauta huɗu shi kaɗai saboda fim ɗinsa Anora, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 6. Jaridun ƙasar nan sun yi ta yayata cewa ƙananan masu fim sun kayar da manyan kamfanonin Hollywood. To amma idan mai karatu bai manta ba, ba da Anora duniya ta fara sanin Baker ba. Shekara 10 kafin haka, a watan Janairun 2015, ya kai wani ɗan ƙaramin fim mai suna Tangerine bikin Sundance da aka yi a jihar Utah, kuma sai bayan an gama kallo ne da yawan 'yan kallo suka gane cewa da wayar hannu aka ɗauke shi.

Wayoyi uku ne samfurin iPhone 5s, aka maƙala musu wani ɗan gilashi mai faɗaɗa hoto, aka sa musu manhajar FiLMiC Pro da a lokacin ba ta wuce dala 8 ba. Gaba ɗaya kuɗin fim ɗin wajen dala 100,000 ne, abin da a Hollywood ba zai isa ko sallamar jarumi ɗaya ba. Wani lokaci ma a kan keke Baker yake bin 'yan wasan, hannu ɗaya riƙe da waya. Mu da muka ga yadda kyamarar bidiyo mai araha ta haifar da fina-finan Kano tun daga Turmin Danya a 1990, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Labarin na ƙawaye biyu ne, Sin-Dee da Alexandra, baƙar fata masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata, kuma da karuwanci suke ci a titin Santa Monica. Ranar jajibirin Kirsimeti Sin-Dee ta fito daga gidan yari bayan kwana 28, suna zaune a wani shagon sayar da fanken Turawa mai suna Donut Time, suna raba guda ɗaya tsakaninsu, sai bakin Alexandra ya suɓuce ta faɗi cewa Chester, saurayin Sin-Dee kuma kawalinta, ya ci amanarta. Daga nan Sin-Dee ta bazama gari neman kishiyar.

Mun san wasu za su ce me ya kai wannan shafi ga irin wannan magana. Hukuncin addini aikin malamai ne, ba shi muka zo yi ba, kuma muna faɗa tun yanzu cewa fim ɗin cike yake da ashar, ba na kallo da iyali ba ne. Amma mu da muka daɗe a Amurka, 'ya'yanmu a nan suka tashi, wannan muhawara tana iske su a makaranta da wurin aiki, ko mun yi magana ko mun yi shiru. Masu tuƙa tasi a cikinmu kuwa ba sai an gaya musu su wane ne ke tsaye a bakin titi da ƙarfe uku na dare ba. Fim ɗin ma da ɗan tasi a ciki, Razmik, baƙo daga Armeniya, mai mata da 'ya da suruka a gida, wanda kuma yake cikin masu neman waɗannan matan a ɓoye. Ranar da surukar ta biyo shi har shagon, asirin kowa ya tonu a gaban kowa.

Abin da ya ba fim ɗin ƙarfi, a ganinmu, shi ne talaucinsa. Da babban kamfani ne ya zuba miliyoyi, da ya nemi sanannen jarumi ya sa masa gashin kanti domin kuɗinsa su dawo. Haka aka saba. Jared Leto ya ci Oscar a 2014 da irin wannan rawa a Dallas Buyers Club, Eddie Redmayne kuma ya shiga takara da The Danish Girl, wanda ya fito a shekara ɗaya da Tangerine. Shi Baker ba shi da kuɗin sayen suna, don haka shi da abokin rubutunsa Chris Bergoch suka shiga unguwar da ƙafa, suka haɗu da Mya Taylor a wata cibiyar masu irin wannan rayuwa, ita kuma ta kawo ƙawarta Kitana Kiki Rodriguez. Ba ƙwararrun 'yan fim ba ne, kuma daga hirarrakinsu aka gina labarin. Ƙaramar waya ba ta tara 'yan kallo a titi, ba ta firgita sabon ɗan wasa, shi ya sa maganarsu ta fito kamar yadda ake yin ta a unguwar.

Akwai ban dariya da yawa a ciki, amma ba irin dariyar da muka saba yi wa ɗan daudu a fina-finanmu na barkwanci ba, inda ake fito da shi don a ga rangwaɗa a ƙyalƙyale kawai. A nan sai da aka nuna mana abin da mutum yake ci da inda yake kwana. Alexandra ta yini tana raba takardar gayyata zuwa waƙar da za ta yi a wata mashaya, dare ya yi kusan babu wanda ya zo, kuma ashe ita ce ma ta biya kuɗi aka bar ta ta hau dandamalin. Can kuma gaskiya ta fito cewa ita kanta ta taɓa kwana da Chester. Sin-Dee ta yi fushi ta tafi, wasu samari a mota suka kira ta kamar masu ciniki, suka watsa mata fitsari a fuska. Alexandra ce ta ja ta zuwa shagon wanki, kuma da ta ga ƙawarta zaune kai ba gashi, cikin kunya, sai ta cire nata gashin kantin ta sa mata. Ga mai irin wannan sana'a, gashin nan shi ne jari, shi ne kuma sutura.

To wa ya ci riba? Kamfanin Magnolia ya saki fim ɗin a watan Yulin 2015, ya tara ƙasa da dala miliyan 1 a gidajen sinima, wanda duk da haka ya ninka abin da aka kashe sau da yawa. An yi wa Taylor da Rodriguez kamfen na neman shiga takarar Oscar, ba su samu ba. A 2016 Taylor ta ci kyautar Independent Spirit ta mataimakiyar jaruma, ita ce mai sauya jinsi ta farko da ta ci. Bayan haka ta fito a wasu ayyuka, kamar Stage Mother na 2020, amma daga ita har ƙawarta babu wadda ta sake samun babbar rawa irin ta farko. Shi kuwa Baker ya yi The Florida Project a 2017, ya ɗauki babbar kyautar Cannes a 2024, sannan Oscar. Ba mu ce ya cuce su ba, gwani ne, kuma ya sha yabon gudunmawarsu a bainar jama'a. Sai dai wayar hannu ta rage tsadar ɗaukar hoto ne kawai. Masu ba da aiki na biyu da na uku, da masu rarraba fim, suna nan inda suke, kuma su darakta suke nema, ba matar da aka samo a titi ba.

Bugu da ƙari, iskar siyasa ta juya. A ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin cewa jinsi biyu kaɗai gwamnatin tarayya ta sani. A irin wannan yanayi manyan kamfanoni masu tsoron asara ba sa son taɓa batun, don haka muna ganin zai ƙara komawa hannun masu ƙaramin jari, kamar yadda ya faro. Shi kansa shagon Donut Time ya rufe bayan fitar fim ɗin, a 2017 jarumi Danny Trejo ya buɗe nasa shagon kofi a wurin, ɗaya daga cikin wayoyin uku kuma an ba da ita ga gidan tarihin masu ba da Oscar.