Tabo da Aibi a Aikin Walda

Kalmar "kyau" a Hausa tana ɗaukar abu biyu a lokaci guda: abin da ya gamsar da ido, da abin da ya inganta. A wajen aikin walda wannan haɗuwar ma'ana tana iya jawo asara. Mai ba da aiki yakan mayar da ƙyaure don ɗinkin waldarsa ya yi tudu da kwari, sannan ya karɓi ƙafafun tankin ruwa da aka goge sumul aka shafe da fenti, alhali kyan ɗan maciji ne.

Ma'aunin ISO 5817 ya raba ingancin walda hawa uku, B da C da D, B ne mafi tsanani. Abin lura shi ne, ma'aunin bai ɗauki kowace tawaya a matsayin laifi ba sai ta ƙetare haddin da aka yanka mata. A ganina ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya su ware "tabo" ga tawayar da ba ta wuce haddi ba, su bar "aibi" ga wadda ta wuce. Zaɓen ba baƙo ba ne, domin a fiƙihun ciniki ma da aibi ake mayar da kaya.

Tartsatsin ƙarfe da ya manne a gefe yawanci tabo ne, sai in zai hana fenti kamawa har tsatsa ta samu ƙofa. Amma wani munin shaida ne. Idan wuta ta zaftare gefen ƙarfe ta bar kwari a gindin ɗinkin, nan nauyi ke taruwa, nan kuma tsaga ke farawa. Shi ya sa hawa na B bai yarda zurfinsa ya wuce rabin milimita ba, komai kaurin ƙarfen. Tsagar da ido ke gani kuwa, babu hawan da ya yafe ta.

A watan Maris na 1980 dandalin ma'aikatan mai na Alexander Kielland ya kife a tekun Norwe, mutum 123 suka mutu. Bincike ya kai ga wata 'yar walda ta milimita 6 da aka riƙe wata na'ura da ita a jikin tokarar ƙafar dandalin. An tarar da fenti a cikin tsagar, wato tana nan tun daga wurin ƙira, an shafe ta ba a gani ba.