Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bishop-Bishop Na Katolika A Lardunan Kaduna, Jos Da Abuja

Iyayenmu cikin Ubangiji, ranku ya daɗe.

Na rubuto muku ne a kan maganar da ba a son ɗaukowa a bainar jama'a, wato lalata da yara da wasu limaman Ikilisiya ke yi a majami'u da makarantun mishan da ɗakunan kwanan ɗalibai. Roƙona ɗaya ne: duk ƙorafin da ya shafi yaro, kada ya tsaya a teburin Bishop shi kaɗai. Ya isa ga hukumar ƙasa, kuma ya bi ta hannun mutanen da ba a ƙarƙashin Bishop suke cin abinci ba. Ba rashin yarda da ku ya sa na faɗi haka ba. Abin da ya faru a ƙasashe da dama ne ya nuna cewa ko mutumin kirki ne, in aka ɗora masa zama uban wanda ake tuhuma, da alƙalinsa, da mai kare sunan Ikilisiya duk a lokaci guda, yaron ne ake mantawa da shi.

A watan Janairun 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta tono yadda aka shekara da shekaru ana sauya wa Fada John Geoghan wurin aiki daga wannan majami'a zuwa waccan, alhali manyansa suna da labarin abin da yake aikatawa. Waɗanda suka zarge shi sun haura 130, kuma kafin shekarar ta fita Kadinal Bernard Law ya ajiye muƙaminsa. A 2009 rahoton Murphy kan birnin Dublin na ƙasar Ayalan ya gano cewa abin da ya fi damun shugabannin Ikilisiya a can shi ne rufe zancen, da gudun abin kunya, da kare suna da dukiya, lafiyar yara kuwa tana can baya. Binciken da bishop-bishop na Jamus suka sa aka yi da kansu, wanda ya fito a 2018, ya ƙirga limamai 1,670 da aka zarga da cutar da yara 3,677 tsakanin 1946 da 2014. A Faransa kwamitin Jean-Marc Sauvé ya kiyasta a 2021 cewa yaran da limamai da sauran keɓaɓɓu suka ci zarafinsu tun daga 1950 sun kai kimanin 216,000. Ƙasashen nan dokokinsu daban, amma hanyar da ɓarnar ta bi iri ɗaya ce: uwa ta kai kuka, a rarrashe ta, a jefa takarda cikin kabad a kulle, a tura Fada "hutu" ko ƙarin karatu, bayan 'yan watanni ya bayyana a wata majami'a inda babu wanda ya san shi, ga sabbin yara a gabansa. Mai laifin ya cuci yaron farko, amma na biyu da na goma, wanda ya sa hannu a takardar sauyin wurin aiki yana da kaso a alhakinsu.

Na san za a ce wannan cutar Turawa ce, mu nan ba mu ji ba, ba mu gani ba. Amsar ta riga ta fito daga bakin 'yar ƙasarmu. A taron da Paparoma Francis ya kira a Batikan a watan Fabrairun 2019, Sista Veronica Openibo ta tsaya gaban shugabannin bishop-bishop na duniya ta ƙi yarda da cewa matsalar ba ta shafi Afirka da Asiya ba, ta kuma nuna cewa talauci da yaƙi ba su zama hujjar kawar da kai ba. Shirun da muke ji bai wanke kowa ba. Hukumar binciken da gwamnatin Ostareliya ta kafa ta gano cewa a ƙorafe-ƙorafen da aka kai wa Ikilisiyar Katolika, a matsakaici shekara 33 ke wucewa tsakanin faruwar abin da ranar da mutum ya iya kai ƙara. Wannan a ƙasar da ke da lauyoyi da likitocin ƙwaƙwalwa a ko'ina ke nan. To, a duba yaronmu na ƙauye. Shi ke share gidan Fada, shi ke riƙe jakar kayan Misa idan za a tafi ƙaramar majami'a ta bayan gari, Fada ne ke biya masa kuɗin makaranta, kuma ranar da mahaifinsa ya kwanta ciwo motar Fada ce ta kai shi asibiti. In yaron nan ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, abin da zai fara ji daga uwarsa shi ne, "Rufa mana asiri, Fada ne fa." Ba don ba ta ƙaunarsa ba ne. Ta auna ƙarfinta ne da na wanda ake zargi, ta ga ba ta da wurin zuwa. In kuwa yarinya ce, ga tsoron kada a ce ta lalace, aure ya gagare ta. Girman da muke ba malamin addini, wanda abin alfahari ne a al'adarmu, shi ne kuma ke sa mugu ɗaya cikin ɗaruruwan nagari ya daɗe bai tonu ba.

Roma ta yi nata gyaran. Dokar Vos estis lux mundi ta watan Mayun 2019, wadda aka sabunta a 2023, ta wajabta wa kowace dayosis ta samar da wurin kai ƙorafi da jama'a za su iya isa gare shi, ta wajabta wa limamai da sistoci su sanar da abin da suka sani, ta kuma hana a tilasta wa mai ƙorafi yin shiru. A watan Disamba na 2019 aka cire irin waɗannan shari'o'i daga ƙarƙashin sirrin Paparoma. Sai dai dokar ta wajabta sanar da hukumar Ikilisiya ne, maganar 'yan sanda kuwa ta bar ta ga dokokin kowace ƙasa. A nan giɓin yake, kuma ku ne ke da ikon cike shi a dayosis ɗinku ba tare da jiran kowa ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya. Laifin da ƙasa ta ɗauka da wannan nauyi bai kamata ya ƙare da addu'ar tuba da canjin majami'a ba.

Masu cewa 'yan sandanmu ba abin dogaro ba ne, akwai gaskiya a bakinsu: ana jan shari'a, ana sasantawa a bayan fage, wani lokaci yaron ne ke shan tambayoyin wulaƙanci. Amma raunin hukuma dalili ne na raka iyali zuwa caji ofis da lauya da likita, a bi shari'ar har ƙarshenta. Ikilisiyar da ke da asibitoci da lauyoyi da Hukumar Adalci da Zaman Lafiya ta fi kowace uwa talaka ƙarfin sa a saurare ta, kuma a jihar Kaduna ga cibiyoyin Salama da aka buɗe domin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Batun ƙazafi ma ba na raina shi, domin ana iya ɓata sunan Fada mai gaskiya saboda gaba ko kwaɗayi. To amma me zai wanke shi a idon jama'a? Binciken da ubangidansa ya yi a ɓoye ba zai gamsar da kowa ba, sai dai ya bar raɗe-raɗi yana binsa har kabari. Dakatar da shi daga hulɗa da yara kafin a gama bincike kariya ce gare shi da su baki ɗaya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce halin da Ikilisiya ke ciki a Arewa. An sace limamai, an kashe wasu, an ƙona majami'u, kuma akwai masu jiran ƙaramin abu su yi yayata da shi. Wanda ya ce kada mu miƙa wa maƙiyi sanda ba wawa ba ne. Haka nan gaskiya ne cewa wannan ɓarna ba ta coci kaɗai ba ce, tana faruwa a gidaje da makarantun gwamnati da na sauran addinai. Duk da haka, a Boston da Dublin abin da ya kori mutane daga majami'a shi ne ranar da suka gane shugabanninsu sun sani suka yi shiru. A zamanin da kowane matashi ke riƙe da waya, abin da aka binne yau zai fito, kuma ranar da ya fito, muryar da kuke ɗagawa a kan kisan bayin Allah da rashin adalcin masu mulki ita ce za ta dusashe. Gafara kuwa koyarwarmu ce, ba na musu, amma ta wanda aka zalunta ce, shi zai bayar in ya ga dama. Ba ta hana hukunci, ba kuma ta mayar da mutum cikin ɗakin kwanan ɗalibai.

Saboda haka nake roƙonku, ranku ya daɗe, kowannenku ya rubuta a fili cewa duk zargin da ya shafi yaro za a miƙa shi ga hukuma, kuma limamin da aka tabbatar da laifinsa ba zai sake riƙe majami'a ko makaranta ba, a nan ko a wata dayosis. Ofishin karɓar ƙorafi ya kasance a hannun 'yan Ikilisiya da ba limamai ba, da mata a cikinsu, irin iyayenmu na Zumuntar Mata waɗanda yaro zai iya yi wa magana ba da fargaba ba. Ka'idar ta hau kan katekis da malamin makaranta da mai koyar da mawaƙa kamar yadda ta hau kan Fada: kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, kada yaro ya kwana a gidan Fada. A kuma karanta wannan a lokacin sanarwa bayan Misa, da Hausa da sauran harsunan da jama'a ke ji, a liƙa lambar wayar a ƙofar kowace majami'a, har da ƙananan na ƙauye da Fada ke zuwa sau ɗaya a wata.

Naku cikin bangaskiya,
Wani ɗan Ikilisiya