Gudun Fanfalaki a Hanyoyin Karkara

Ɗan Barto gari ne da ke kudu da Matameye, a bakin iyakar Nijar da Nijeriya. Ba shi da babban filin wasa irin na Yamai. Saboda haka waɗansu yara sukan ce gudu na ƴan birni ne. Waɗansu iyaye kuma, in sun ga yaro yana gudu da sassafe, sai su ce: "Wa ya koro shi? Ba gara ya tafi gona ba?" Da yaran da iyayen duk sun yi kuskure.

Gudu mai nisa shi ake kira gudun fanfalaki. Wanda ya fi suna a cikinsa shi ne maraton, mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Wannan gudu a kan hanya ake yinsa, ba a cikin fili ba. Hanya kuwa ba ta yi wa Ɗan Barto ƙaranci ba. Ga ta gona, ga ta kasuwa, ga turbar da ta ratsa fadama ta hau tudu.

A shekarar 1960, a birnin Roma, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya zo na ɗaya a maraton na wasannin Olamfik, ba ko takalmi a ƙafarsa. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da ƴan daƙiƙoƙi. A 1964 ya sake cinyewa a Tokiyo. Shi ɗan ƙauye ne, ya yi kiwo yana yaro. Nijar ma ta taɓa aika nata ɗan: Abdu Manzo ya yi maraton a wasannin Olamfik na 1988 da 1992 da 1996.

Gaskiya ne, ƴan Habasha da Kenya suna da tsaunuka masu tsawo. A can iska ba ta da kauri, sai jikin mutum ya ƙara jini don ya ishe shi. Ƙasar Matameye ba ta da irin waɗannan tsaunuka, amma tana da tudun rairayi. Mai hawan tudu da gudu, cinyoyinsa suna ƙarfi, zuciyarsa tana koyon harba jini da yawa. Rairayi kuma yana riƙe ƙafa, dole mutum ya ƙara ƙoƙari, ga shi da taushi, ba ya jijjiga gwiwa kamar kwalta. Wanda ya saba da shi, ranar da ya taka hanya mai tauri sai ya ji kamar an sauke masa kaya.

Sai dai gudun yana da ƙa'ida. Yaron firamare ba zai yi kilomita 42 ba, wannan aikin manya ne, ƙashinsa bai ƙosa ba. Kilomita ɗaya ko biyu sun ishe shi da farko, sau uku a mako, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Ya fita da sanyin safiya, ba da tsakar rana ba, balle a bazara. Ya sha ruwa kafin ya tafi da bayan ya dawo. Ya kiyayi ƙaya da ƙarangiya, ya bar wa motoci babbar hanya. Ya tafi tare da abokai, yana gudun da zai iya magana a cikinsa. Wanda ya fara da tsere, tun kafin tudu na biyu zai zauna yana haki.

Ya kamata iyaye su bar ƴaƴansu, maza da mata, su yi wannan gudu. Ba ya cin ko dala, ba ya hana noma ko karatu. Ba kowane yaro zai zama Bikila ba, amma kowane zai sami lafiya, ya kuma koyi haƙuri da abu mai nisa. Haƙurin nan shi zai kai shi ƙarshen kunya a gona, shi zai kai shi ranar jarrabawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Kilomita nawa ne tsawon maraton?
2. Mene ne amfanin gudu a kan tudun rairayi?
3. Don me ba a son yaro ya fara da tsere?