Tsagar kunne da kashi 15 na ma'adinai

Makiyayin Abzin ba ya neman takarda kafin ya gane dabbarsa. Raƙumi akan ɗana masa ƙarfe mai zafi a wuya ko a cinya. Akuya kuwa kunnenta ake yi wa shaida: wani ya yanke bakin, wani ya yi tsaga biyu, wani ya huda. A bakin rijiya cikin kwarin Telwa, ko yaro ka tambaya zai gaya maka ta gidan wane ce. Har jariri akan ware wa 'yar akuya ranar suna, ta girma ta hayayyafa da sunansa, ba mai taɓa ta, domin an yi abin a idon jama'a.

Mutanen Ingila ma haka suke yi wa tumakinsu, kuma tun ƙarnoni da dama suke kiran wannan shaida earmark, alamar kunne ke nan. Daga baya kalmar ta shiga ofishin kuɗi, ta zama sunan kason da aka keɓe wa wani aiki tun kuɗin ba su zo hannu ba.

Mu ma an keɓe mana. A 2006 Nijar ta gyara dokar ma'adinai, ta ce kashi 15 cikin 100 na abin da gwamnati ke samu daga haƙar ma'adinai zai koma wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙa. Ƙaramar hukumar Dabaga tana jihar Agadas, inda ake fitar da uraniyom a Arlit tun 1971, ga kuma gawayin Anu Araren, don haka tana da rabonta.

Amma kuɗin sun sha maƙalewa a Yamai, bashi yana hawa kan bashi, magadan gari suna ta sintiri. Ana cikin haka mahaƙar uraniyom ta Cominak ta rufe a watan Maris na 2021.

Jinkirin ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne manomin albasa a Dabaga, wanda ruwan kori ke cinye wa lambu da hanya duk damina, bai san nawa ne rabon garinsa ba, balle ya tambaya. Adadin yana kwance cikin takardun Faransanci. Wanda bai san shaidar abinsa ba, ta yaya zai yi cigiya? Ya kamata duk shekara a karanta shi a rediyo da Tamashek da Hausa, a kuma liƙa shi a ƙofar ofishin magajin gari: nawa aka ware, nawa ya iso, me aka yi da shi.