Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Manyan kantunan tufafi na Turai da Amurka sun daɗe suna yi wa duniya wata tatsuniya: wai su masu saye ne kawai, abin da ke faruwa a bakin keken ɗinki ba ruwansu. Babu inda wannan ƙarya ta fi tonuwa kamar Bangaladesh, ƙasar da sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da take fitarwa waje daga ɗinkakkun tufafi suke zuwa, inda mutane kimanin miliyan 4, mafi yawansu mata, suke cin abinci da wannan sana'a.

Mai masana'anta a Dhaka ba shi ke yanka farashin kayansa ba. Kamfanin waje ne ke aiko da samfuri, ya faɗi yawan riguna, ya tsayar da ranar lodi, ya kuma faɗi abin da zai biya. In an yi gardama, sai ya yi barazanar komawa Biyetnam ko Kambodiya. Tun da aka soke tsohon tsarin ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta iya sayarwa, a farkon 2005, mai saye ya sami damar yawo kasuwa-kasuwa yana gwara kan matalauta. Da an karɓi oda, mai masana'anta zai ci bashin banki ya sayi zare da yadi. Ita kanta audugar shigo da ita ake yi, daga Indiya da Barazil da ƙasashen Afirka ta Yamma irin su Benin da Mali. Zai biya albashi da wuta da iskar gas, ya kai kaya tashar jiragen ruwa ta Chittagong, sannan ya zauna jiran kuɗinsa wata ɗaya, wani lokaci uku. In ya makara da mako guda, ko dai ya tura kayan ta jirgin sama daga aljihunsa, ko a zabtare masa farashi.

Annobar korona ta 2020 ce ta fallasa asirin wannan ciniki. Cikin 'yan makonni kamfanonin waje suka soke ko suka dakatar da odar da ta kai kimanin dala biliyan 3. Da yawan kayan an riga an yanka, an ɗinka, an maƙala musu tambarin mai su. Wa zai sayi rigar da ke ɗauke da sunan wani? Masu kantuna suka ceci asusunsu, mata masu ɗinki suka koma ƙauye hannu rabbana.

Masu kare waɗannan kamfanoni za su ce ai sun kawo gyara. Haka ne, amma bayan me? A watan Nuwamba na 2012 gobara ta kashe mutum 112 a masana'antar Tazreen. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rushe a Savar, ya hallaka mutum 1,134. Sai da aka tsinto tambarinsu a cikin ɓaraguzai kafin kamfanoni sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine. Yarjejeniyar ta ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ƙofofin kare gobara da sababbin wayoyin lantarki da ƙarfafa ginshiƙai, yawancin kuɗinsu daga masu masana'antu ya fito, farashin riga kuwa bai tashi daidai da ɗawainiyar ba. Wanda ya aiko da mai duba gini da safe, shi ne ya aiko da mai neman ragi da yamma.

Kada a ɗauka masu masana'antun tsarkaka ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwana ɗaya kafin rushewar Rana Plaza an ga tsagewa a bango. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki su hau bene. A 2023 ma'aikata suka nemi mafi ƙarancin albashi ya zama taka 23,000, aka tsayar musu da 12,500, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta. To amma matsin da ke sa mai masana'anta ya danne na ƙasa da shi daga sama yake saukowa, kuma duk wanda ya zargi ɗaya ya wanke ɗaya bai yi adalci ba.

Abin da ya kamata ba sadaka ba ce. Doka ce a ƙasashen masu saye, wadda za ta wajabta biyan kayan da aka riga aka ɗinka, ta ƙayyade kwanakin jiran kuɗi, ta kuma hana farashin da bai kai kuɗin aiki ba. Har yanzu ba a kai nan ba. Da Amurka ta sanar da harajin kashi 37 a kan kayan Bangaladesh a watan Afrilu na 2025, kafin ta rage shi zuwa 20, wasu masu saye ba su ɓata lokaci ba: suka ce a dakata da lodi, suka kuma nemi masu masana'antu su ɗauki wani kaso na harajin da gwamnatin ƙasarsu ta ƙaƙaba.