Libarba a Aljihu, Difloma a Kwandon Shara

Daren Asabar ɗin da ta wuce, musu ya kaure a ɗakinmu na hostel kan wani bidiyo daga Amurka. Wai wace libarba ce ta fi dacewa da kare kai: mai ƙarfen bugun harsashi a waje, ko wadda aka ɓoye nata a ciki? Masu goyon bayan ta farko suka ce ana iya ɗana ta da babban yatsa, kunamar ta yi laushi, saiti ya fi kyau. Ɗaya ɓangaren suka ce wannan ƙarfen yana maƙalewa a tufafi, balle mai babbar riga, don haka ɓoyayyiyar ta fi saurin fitowa, ko da kunamarta ta fi tauri. Duk gaskiya suka faɗa. Amma ni ban yi dariya ba.

Dalilina shi ne ɗan baffana a Miga. Bara, shanu suka shiga gonarsa ta shinkafa a fadama ana saura kwanaki girbi, bayan ambaliya ta riga ta ci rabi. Tun daga ranar ba shi da zance sai na ƙaramar bindiga ƙirar gida. Na ce masa, "Yaya, in ka harba, wa zai riƙe iyalinka?" Shiru ya yi.

'Yan uwana ɗalibai, nan ba Texas ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. Wanda aka kama da ita ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga saboda 'yan fashin daji, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Shekara 2 kake wahalar difloma, ka musanya ta da 10 a gidan yari?

Na san tsoron gaskiya ne, ba na raina shi. Amma rigimar fadamar Hadejia ta burtali ce da mashaya da amfanin gona. Wanda ya cinye maka shinkafa, gobe za ku haɗu a kasuwa. Harsashi ɗaya kuwa yana jawo ramuwar da za ta ƙone ƙauye guda.

Na raka ɗan baffana wurin dagaci, aka kira arɗo, aka ƙiyasta ɓarna. Diyyar ba ta kai asararsa ba, wallahi har yanzu yana ƙorafi. Amma bana ya sake shuka, kuma a ɗakinsa yake kwana.

In za mu yi musu a hostel, mu yi shi kan yadda za a shata burtali kafin damina. Wannan ne ya shafe mu.