Daga asuba ake lissafin barcin yaro

Ƙarfe nawa yaronka ya yi barci jiya? Ba lokacin da ka daka masa tsawa ka ce ya je ya kwanta nake nufi ba, lokacin da barcin ya ɗauke shi da gaske nake tambaya. Iyaye da yawa a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku sun san kuɗin rigar makaranta har sidi na ƙarshe, sun san sunan malamin da ke koya wa yaro hadda, amma wannan tambayar sai ka ji an yi shiru, ko a ce ai yaro ne, in ya gaji zai kwanta da kansa. Ni ina ganin wannan amsar ce ke cutar 'ya'yanmu a ɓoye, kuma gyaranta ba ya cin kuɗi.

Bari mu fara da adadi. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da likitocin yara suke aiki da shi a ƙasashe da dama. Yaro daga shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, har da barcin rana. Daga shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12. Daga 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Wani zai ce wannan lissafin Turawa ne. To, jikin yaron Yendi da na yaron Amurka tsoka ɗaya ce, jini ɗaya. Abin da ya bambanta mu da su shi ne lokacin tashi, kuma a nan maganar take.

Mu safiyarmu ba a hannunmu take ba. A arewacin Ghana ladan kan kira asuba tsakanin ƙarfe 4 da rabi zuwa 5, ɗan bambancin da ke tsakanin rani da damina ba shi da yawa, don ba mu yi nisa da tsakiyar duniya ba. Da an idar gida ya motsa: shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, wani ma sai ya biya allo kafin ya sa rigar boko, sannan ya isa makaranta da wuri don su share fili kafin a yi layi. Ke nan yaron zango ƙarfe 5 ko 5 da rabi idonsa biyu. Tun da ba za a matsar da asuba ba, sai a ƙirga baya. Cire awa 9 daga ƙarfe 5 na asuba, ka sauka a kan ƙarfe 8 na dare. Wannan kuwa mafi ƙanƙanta ne, ba a yi wa yaron alfarma ba. Ɗan ƙaramar sakandare da ya haura 13 yana iya kaiwa ƙarfe 9. Isha'i a wajenmu ana yin ta wajen 7 da kwata ko 7 da rabi, saboda haka tsakanin sallama da shimfiɗa abin da ya rage bai cika awa guda ba.

Yanzu ka fita titin zango ƙarfe 10 ka ƙirga yaran da za ka gani. Wanda ya kwanta 11 ya tashi 5 awa 6 ya samu, an ci shi bashin awa 3. A kwana biyar na makaranta awa 15 ke nan, kusan dare biyu cur a kowane mako.

Wa ya cinye waɗannan awannin? Abin da ke ɗaure mini kai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikin masu cin. Malamin boko ya ba da aikin gida, in ajin masu shirin BECE ne ma ga darasin ƙari bayan an tashi, don yana son su ci jarrabawa. Malamin allo ya ga boko ta kwashe safiya da rana, bai samu wani fili ba sai la'asar ko bayan magariba, wani wurin har bayan isha'i, shi ma alheri yake nema wa yaron. Uwa tana da tuwo ko masa ko ƙosai da za ta sayar, kasuwar kuma sai dare take ci, wa zai ɗauki tire in ba 'yarta ba? Uba ya dawo a gajiye ya kunna talabijin a ɗaki ɗayan da kowa ke kwana a ciki. Kowa ya ɗebi awa guda yana ganin bai ɗebi komai ba. Babu wanda ya taɓa zama ya haɗa lissafin, sai yaron ne ke biya da safe, lokacin da kansa ya fara rangaji a kan benci. Kuma ka san sakamakonsa: a kira shi malalaci ko daƙiƙi, ko a zane shi. Hukumar ilimi ta Ghana ta hana duka a makarantunta, amma bulalar gida da ta makarantar allo suna nan daram. Dukan yaro a kan gyangyaɗin da mu muka jawo masa zalunci ne, ko da wanda ya ɗaga bulalar bai yi nufin zalunci ba.

Ga masu ganin barci ɓata lokaci ne, musamman malamanmu na hadda, ina roƙon su saurari wannan. Binciken masana ya daɗe da tabbatar da cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tattara abin da aka koya da rana ta adana shi. Yaron da ya biya shafi da yamma ya kwanta ya yi barci mai nauyi, ya fi kusa da riƙe shi a kan wanda ya maimaita har 11 yana hamma. Mafi yawan sinadarin da ke sa jiki girma shi ma a cikin barci mai nauyi jiki ke sakinsa. Sannan akwai abin da ke ruɗar iyaye: babba in bai yi barci ba sai ya yi laƙwas, amma ƙaramin yaro sau da yawa sai ya ƙara rawar kai, ga saurin fushi, ga faɗa da ƙanne, ga kuka ba dalili. Uwa ta dube shi ƙarfe 10 yana tsalle ta ce kun gani, ai ba ya jin barci. Gajiyar ce ta wuce iyaka.

Batun talla sai an bi shi a hankali, don na san akwai gidan da in tiren bai fita ba tukunyar gobe ba za ta hau wuta ba. Amma ya kamata a sani cewa dokar yara ta Ghana ta 1998, wadda ake kira Act 560, ta hana sa yaro aikin dare, ta kuma fayyace dare da cewa daga ƙarfe 8 na dare ne zuwa 6 na safe. Ka ga ƙarfe 8 ɗin nan da lissafin asuba ya kai mu, a kansa dokar ƙasa ma ta tsaya. Ba ina kiran a aika wa mai tuwo ɗan sanda ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne 'yar shekara 10 ta gama nata da isha'i, abin da ya yi saura babba ya karɓa. 'Yan mata su ne suka fi shan wannan wahalar ta kai biyu, don in rani ya tsananta ruwa ya yi wuya a Yendi ko Salaga, wadda ta dawo daga talla ƙarfe 10 ita ce dai za a tasa tun kafin kiran salla ta je ta kama layin famfo ko rijiya.

Sai ataya. Babu unguwar zango da ba ta da majalisar samari inda ake dafa ta kofi uku, yara kuma su ne 'yan aike, ladansu kofin ƙarshe mai sukari. Sinadarin da ke cikin ganyen shayin nan shi ne dai ke cikin goro da kofi da lemukan ƙara kuzari da suka cika shaguna, kuma bayan awa 5 da sha kusan rabinsa yana nan a jiki yana aiki. Mutanen Salaga ba sa bukatar a yi musu bayanin goro. Shi ya kawo kakanninmu daga Kano da Katsina zuwa Gwanja da jakuna, kuma fatake sun san ana tauna shi ne don a kori barci a kan hanya. Abin da madugu ke ci don kada ya yi gyangyaɗi shi muke ba ɗan shekara 9 bayan magariba, sannan mu yi mamakin idonsa ya ƙeƙashe.

Waya kuwa ta fi ataya naci, tun da ita har cikin gidan sauro take bin yaro. Haskenta yana jinkirta sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi, TikTok kuma ba a gina shi don mutum ya ce ya ƙoshi ba. A yi wa 'yan shekara 14 da 15 adalci: a shekarun balaga agogon jiki da kansa yana ja baya, barci ba ya zuwa musu da wuri kamar da, ba duka taurin kai ba ne. Shi ya sa su suka fi bukatar a raba su da waya da dare, a bar ta tana caji a wajen uwa. Ƙwallo ma haka. Manyan wasannin zakarun Turai na daren Talata da Laraba ana take su ƙarfe 8 agogon Ghana a watannin hunturu, a tashi wajen 10, kafin a gama gardama a ƙofar gidan kallo 11 ta yi. Wasan Asabar da Lahadi da rana ya ishi ɗan firamare.

Mafi wuyar maganar ita ce mu manya. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ba yadda za a yi yaro ya yi barci ƙarfe 8 fitila na kunne, fim ɗin Kano ko na Indiya na kuka, ana amsa waya da ƙarfi. Lokacin kwanciyar yaro a irin gidajenmu dole ya zama lokacin da gidan gaba ɗaya ya rage murya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kowane ɗalibin hadisi ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Da haka iyayenmu suka iya tashin asuba ba agogo. Wanda ke son hirarsa ya ɗauki benci ya fita tsakar gida.

Na san akwai watannin da lissafin ke rushewa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, ɗakin kwano ba ya shiguwa sai dare ya raba. A nan gara a yi wa yara wanka bayan isha'i a shimfiɗa musu a waje cikin gidan sauro, da a bar su suna yawo ana jiran ɗaki ya huce. A watan azumi ga tarawihi ga sahur, makaranta kuma ba ta tsayawa. Ƙaramin da azumi bai hau kansa ba babu dalilin tayar da shi ƙarfe 3 da rabi don kawai a ci tare, wanda ke yi kuma a ba shi awa guda ya kwanta da ya dawo daga boko.

Bawku daban take. Tun Nuwamban 2021 gwamnati ke ta sabunta dokar hana fita a garin saboda rikicin sarauta, ana ƙara awannin ana ragewa. Mutanen Yendi sun san ɗanɗanon wannan, sun yi zama irinsa bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Maris 2002. Yaran Bawku suna cikin gida da wuri, amma kulle ƙofa ba ya kawo barci. Yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga da dare yana iya kwanciya ido biyu, ko ya riƙa firgita, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wannan ba abin duka ko gori ba ne. Abin da ke taimakonsa shi ne dare ya zama iri ɗaya kullum: abinci, salla, addu'ar kwanciya, babba a kusa da shi, lokaci guda. Kuma don Allah a daina kunna saƙonnin murya na WhatsApp masu labarin wa aka harba a gaban yara. Suna ji, ko sun rufe ido. In abin ya daɗe bai sake shi ba, a kai shi asibiti.

Gida ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, don yaron da aka kwantar yana jin muryar abokansa a waje ba zai yarda an yi masa adalci ba. Akwai garuruwa a Ghana da sarakuna da majalisun gunduma suka taɓa kafa dokar hana 'yan makaranta yawon dare, musamman in BECE ta gabato. Ba na son mu kwaikwayi ɓangaren da ake sakin samari da bulala suna farautar yara, wannan wata fitinar ce. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi. Sarkin Zango da liman da magajiya su kira malaman allo da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya su zauna a tabarma ɗaya, abin da ba kasafai ake yi ba, a ɗauki ranar yaro ɗan aji huɗu a rubuta ta awa bayan awa a kan allo kowa ya gani. Karatun dare na ƙanana ya ƙare da kiran isha'i, abin da ya rage a mayar da shi Asabar da Lahadi da safe, lokacin da babu boko. Malaman firamare su rage aikin gida zuwa abin da za a gama kafin magariba. Masu gidajen kallo a roƙe su su daina karɓar kuɗin 'yan firamare daga daren Lahadi zuwa na Alhamis, liman kuma ya faɗi ƙarfe 8 ɗin nan da bakinsa a huɗubar Juma'a, da Hausa da Dagbani da Gwanja da Kusal, yadda maƙwabtanmu ma za su ji.